Yadda kwamitin lakwal zai ceci shekarar karatu a bakin gari da ƙauyukan Damagaram

A takarda, farkon watan Oktoba ake komawa lakwal a Nijar. Cikin birnin Zinder, inda azuzuwa na suminti suka fi yawa, ana komawa ɗin ko kusa da haka. Amma fita bakin gari wajen sababbin unguwanni, ko ka kama hanyar Mirya, Magarya, Matamaye, Tanut ko Gure, za ka iske darakta ya zo da rajista a hannu, yara suna gona, ajin kuwa babu shi. Ajin zana ne, zanar kuma tana jiran a gama girbi a yanki gamba. Kafin a saƙa, a kafa dirkoki, a share wuri, Nuwamba ta yi rabi. Mako shida ya tafi ke nan. Can ƙarshen shekara kuma hadarin farko na watan Yuni ya taso daga gabas ya yaye rufin, iyaye su kwashe yara zuwa shuka. An ci shekarar ta kai, an ci ta ta ƙafa, alhali yaron ƙauye da na birni tambayoyi iri ɗaya za a aza musu ranar jarrabawa.

Insfekta yana da makarantu barkatai a ƙarƙashinsa, mai ba malamai shawara na yanki kuma babur ɗaya gare shi, wani lokaci ba mai. Wanda ke kwana ya tashi da lakwal shi ne kwamitin gari, wanda kowa ya sani da COGES. An sake masa suna zuwa CGDES, amma bakin jama'a bai saki tsohon ba. Aikin da ke tafe nasa ne, kuma mafi yawansa ana yin sa tun kafin a kaɗa ƙararrawar farko.

Kwamitin kansa

A cikinsa akwai wakilan ƙungiyar iyaye, wakiliyar ƙungiyar uwaye mata, wakilin malamai, darakta, da wakilin ɗalibai. Inda ake ɓata shi tun ranar farko shi ne wurin zaɓe. Idan aka taru gindin itace aka ce "wa kuke so?", wanda manya suka nuna shi za a ɗaga wa hannu, kunya ba za ta bar kowa ya ce a'a ba. A yi ƙuri'ar asiri. Rashin karatu ba ya hana ta: kowane ɗan takara a ba shi alama, wannan zangarniyar gero, wancan fartanya, waccan ƙwarya, a zana a ƴan takardu. Mai zaɓe ya shiga bayan zana shi kaɗai ya sa wadda yake so a ambulan, ya fito ya jefa a kwali gaban kowa. A ƙirga nan take da babbar murya.

Mai gari kada ya tsaya takara. Shi uban taro ne, kuma ranar da shugaba da ma'aji suka saɓa dole a sami wanda za a je a ce wa "Ranka ya daɗe, a raba mu." Ma'aji kada ya fito gida ɗaya da shugaba. Darakta ya riƙe alƙalami, kada ya riƙe kuɗi: ana iya canza masa wurin aiki a tsakiyar shekara, kuma ko mutumin kirki ne, zargi kaɗai ya isa ya kashe masa lakwal.

Taron gari sau uku a shekara shi ne mafi ƙanƙanta: ɗaya kafin komawa, ɗaya wajen Fabrairu, ɗaya a Yuni. A sa shi ranar da ba kasuwa, da hantsi, lokacin da mata suka gama surfe ba su kai ga ɗora tukunyar dare ba. Taron da aka yi bayan isha'i taron maza ne kaɗai, kuma matsalar ƴan mata ba za ta fito a cikinsa ba.

Fili kafin gini

Makarantun bakin gari sun fi na ƙauye shan wannan wahala. Wani dattijo ya ba da gona kyauta da baki shekara ashirin da suka wuce, ya rasu, gari ya iso wurin, fili ya yi kuɗi, magada suka tashi. Ko kuma aka wayi gari an ga kusurwar filin wasa ta zama harsashin shago. Maganinsa takarda. A ƙauye, a je wa kwamitin kula da filaye da dokar karkara ta 1993 ta kawo, tun daga na gari zuwa na kwamin, wato ƙaramar hukuma, a rubuta shaidar kyauta da sa hannun mai gona ko magadansa duka, da mai gari, da shaidu. Cikin kwamin biyar na birnin Zinder kuwa, ofishin magajin gari ko kantoman da ke riƙe da wurin za a bi, a tabbatar filin ya shiga taswirar awo da sunan makaranta. A yi kwafi uku: ɗaya wurin darakta, ɗaya wurin shugaba, ɗaya ofishin insfekta.

Sannan a dasa alamar suminti a kusurwa huɗu. Katanga tsada gare ta, kuma ba ita ce ta fi aji gaggawa ba. Shingen aguwa yana tsare iyaka da dabbobi: ana sarar rassanta a kafa su kusa da kusa a ƙarshen rani, kafin ruwa ya sauka, domin a jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa suke yi. Sai dai a gargaɗi yara, nononta yana ƙona ido. Ta ciki a jera gamba a kan iyaka kamar yadda ake yi a gona. Bayan damina biyu lakwal za ta fara yankan abin saƙar zanarta.

Ƙidayar yara a watan Satumba

Kada a jira iyaye su kawo yara da kansu. Mako biyu kafin komawa, mutum biyu daga kwamiti, namiji da mace, su bi gida-gida da kaye, su rubuta duk yaro mai shekara 6 zuwa 7, da waɗanda suka haura kaɗan ba a sa su ba. Macen ita ce za ta shiga cikin gida ta ga yarinyar da mai gida ya manta bai ambata ba. Inda ba a san shekara ba, katin awo ko na rigakafi yakan warware. A haɗa da tungaye da rugagen Fulani da zangon Buzaye da ke kewaye, a rubuta tazarar kowane. Yaro ɗan shekara shida da zai taka fiye da kilomita uku safe da yamma ba ya kai ƙarshen hunturu. Irin wannan wuri shi ake kai wa insfekta da lissafi a hannu, a nemi aji ko da mai haɗa matakai biyu ne a hannun malami ɗaya.

A wannan kayen a buɗe layi na takardar haihuwa: akwai ko babu. Rashinta ba ya hana yaro shiga CI, ajin farko, amma tana jiransa a CM2, ajin ƙarshe na firamare, lokacin haɗa takardun jarrabawa da na shiga kwalej, a nan ne ake gudu-gudu ana kuka. Wanda wa'adin rajistar haihuwa ya wuce shi sai da hukuncin alƙali. Kwamiti ya tara sunaye wuri ɗaya, ya kai ofishin kwamin, ya nemi a sa garin cikin zagayen da alƙali ke yi ƙauyuka don wannan aiki. A lura da rubutun suna. Idan takarda ta ce Mahamadou rajistar aji ta ce Mamane, gobe yaron zai zama mutum biyu.

Ajin zana

Ma'aunin aji na gini mita 9 ne da mita 7. Ko da zana za a yi, a auna haka, don tebur ya shiga malami ya sami hanyar ratsawa, don kuma ranar da aka samu gini a ɗora a wurin. Kewaye mita 32 ke nan. A kafa dirka kowace mita biyu, 16 a kewaye, da 4 a tsakiya, domin faɗin mita 7 ya fi ƙarfin sandar da ake samu a nan. Na tsakiyar a daidaita su da hanyar da ke tsakanin layin tebura, in ba haka ba su tare wa yara allo. Kowace dirka ta kai mita 3, rabin mita ya shiga rami. Gara ita ce abokiyar gaba: a babbake gindin dirkar sama-sama ko a shafe shi da baƙin mai na inji, a zuba toka a ramin, a daddaɓe. Kafin a sari itace a nemi izinin ma'aikatan gandun daji, gawo kuwa kada a taɓa shi.

Zana ba ta da ma'auni ɗaya, kowane masaƙi da nasa, saboda haka a auna kafin a yi ciniki. In tsawonta mita 3 ne faɗi mita 2, bango zai ci 12 ko 13 saboda sai an ɗora baki kan baki, rufi ya ci wajen 14 har da abin da zai zarce ya yi inuwa. A lissafa 27 ke nan, a ƙara biyu don faci. A ɗaure da igiyar kaba ko waya a kowace mahaɗa. Rufin da aka danne da duwatsu kawai iskar hunturu ɗaya ce ke raba shi da ajin, kuma duwatsun kan yara za su sauko. Tsakanin bango da rufi a bar tazarar taƙi ɗaya ko biyu don haske da iska.

Abin da ya fi kowane gyara amfani shi ne bango ɗaya na birgin ƙasa a gefen gabas. Yana tare iskar hadari, yana tare ranar safe, kuma a jikinsa ake shafa allon suminti mai tsawon mita 4, a bi shi da baƙin fentin allo, maimakon ɗan katakon da ake jinginawa yana faɗuwa. Kada a tsai da shi miƙe shi kaɗai, a lanƙwasa kusurwoyinsa biyu mita ɗaya-ɗaya su riƙe shi. Da birgi mai tsawon santimita 40 da kaurin 15, bango mai tsayin mita biyu da rabi zai ci sama da 300 kaɗan. A buga 350 saboda fashewa. Lokacin buga birgi daga Nuwamba ne zuwa Janairu, tafki bai ƙafe ba, hannu kuma ya sauka daga gona. Garin da ya yi wa aji ɗaya bango huɗu kowace shekara da aikin gayya, ya nemi kwano da ƙofa kawai daga kwamin, buƙatarsa ta fi saurin karɓuwa bisa ga wanda ya zo neman aji sukutum.

To ina za a sami zana a farkon Oktoba, gamba ba ta nuna ba? Amsar tana watan Yunin da ya wuce, za mu zo kanta. In an riga an makara, kada a zauna jira. Azuzuwan gini da ake da su a raba su biyu, wasu yara da safe wasu da yamma, sauran a fara da su gindin dogon yaro da tabarmi da allunan hannu. Karatun inuwar itace bai kai na aji ba, amma ya fi mako shida na banza nesa ba kusa ba.

Wuta

A 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana sau biyu, a Yamai cikin Afrilu da Maraɗi cikin Nuwamba, kowace ta ci yara sama da ashirin, mafi yawansu ƙanana. Bayan ta Maraɗi gwamnati ta hana sa ƴan rainon yara a ajin zana. Duk wanda zai kafa rumfa ya riƙe wannan a ransa, domin busasshiyar zana a iskar hunturu ba ta ba da lokacin ɗebo ruwa.

Al'adar da aka saba ita ce a ba ƴan CM2 ajin suminti saboda su ne masu jarrabawa, a tura ƴan CI rumfa. A juya ta. Ɗan shekara goma sha biyu yana iya keta zana ya fita, ɗan shekara shida kuwa tsugunawa yake a kusurwa yana kuka. Kowace rumfa ta sami ƙofa biyu a ɓangarori daban, masu faɗin da yara biyu za su fita a jere, ba tebur ko tari a bakinsu. Kada a manna rumfuna da juna don tsimin bango; a bar aƙalla mita 10 tsakani, kuma kada a jera su a kan layin iska, wadda a hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Murhun masu ƙosai da awara, madafar abincin yara, da wurin ƙona shara duk su koma kudu maso yamma, nesa, inda iska za ta tafi da tartsatsi waje. A nome ciyawa mita uku kewaye da kowace rumfa. A ajiye bokiti biyu na rairayi a bakin kowace ƙofa. A makon farko kowane malami ya gwada fita da yaransa: a busa usur, rabi su bi wannan ƙofa rabi waccan, ba a ɗaukar jaka ko takalmi, a taru gindin itace ɗaya, a kira suna. A maimaita sau ɗaya a wata har ya zama jiki. Kuma ko na minti biyar ne, ba a barin ƙananan yara a rumfa ba babba.

Kuɗi da hatsi

Lakwal ta gwamnati kyauta ce, saboda haka gudummawa taron gari ne ke yanka ta, kuma ba a korar yaro don ubansa bai biya ba. A fara da rubuta ayyukan shekara a babbar takarda: aiki, abin da zai ci, wanda zai tsaya a kai, da watan da za a gama. Biyar ko shida sun isa. Takardar da ta ɗauki aiki ashirin ba a yin ko uku.

A ƙauye, hatsi ya fi kuɗi sauƙin fita, in aka nema a kaka. Misali gari mai gida 120: tiya biyu ta gero kowane gida ta ba da tiya 240, buhu 6 ke nan tunda tiya 40 ke cika buhu. Kada a sayar nan take lokacin da kasuwa ta cika da sabon hatsi. A ajiye a kan katako, ɗaki mai kwaɗo biyu, makulli ɗaya wurin ma'aji ɗaya wurin shugabar uwaye, a sayar a bazara da farashi ya ɗaga. In wake ne, sai a buhu mai ninki uku a ɗaure kowane ninki daban, in ba haka ba ƙwari za su riga ku. A bakin gari inda mutane ba su noma sosai, dala ɗari kowane gida a irin wannan adadi jaka 60 ce. A karɓa bisa gida, kada bisa yawan yara, don mai ƴaƴa biyar a lakwal kada ya ga kamar an hukunta shi ya janye ƴan matan.

Duk abin da ya shiga ko ya fita a rubuta shi ranar, da sa hannun mutum biyu. A taron Fabrairu da na Yuni ma'aji ya miƙe ya karanta da Hausa, layi-layi: "An karɓi kaza, an sayi zana kaza a kan kaza, ga abin da ya rage," ya ɗora kuɗin a kan tabarma a ƙirga. Shekarar da aka tsallake wannan, shekara mai zuwa ba mai ba da ko tiya ɗaya.

Riƙe malami

Yawancin malaman karkara ƴan kwantaragi ne, kuma sau da yawa baƙi ne a garin. Mushe ko madam da ta sauka daga mota ba ta san inda za ta kwana ba, zuciyarta ta riga ta koma birni. Kafin Oktoba a shirya ɗaki mai ƙofa da makulli, da makewayi mai rufin asiri, kusa da gidan mutane, a kuma san wanda zai riƙa kawo ruwa. Makarantun bakin gari matsalarsu daban ce: malamai a cikin gari suke kwana, suna zuwa da kabu-kabu, don haka latti da tashi da wuri ne ke cin sa'o'i.

Kwamiti ba shi da ikon hukunta malami, kuma shiga aji a yi masa faɗa gaban yara ɓarna ce. Abin da yake da shi shi ne kaye: ranar da aka yi karatu da ranar da ba a yi ba, aji-aji. Ƙarshen wata malamai kan tafi karɓar albashi, kwana biyu su zama mako. A zauna da darakta a tsara su riƙa tafiya bi da bi, wanda ya rage ya riƙe aji biyu. In abin ya ƙi, shugaba ya sami malamin shi kaɗai: "Mushe, lafiya dai? Yara sun yi kewarka." Sau da yawa a nan za a ji dalili, ciwo ne ko albashin ne bai fito ba. In ya ci gaba, sai darakta, sai mai ba da shawara na yanki, sai insfekta, da kwanakin a rubuce.

Ruwa da makewayi

Damagaram a kan dutse take zaune, ba sai an gaya wa kowa wahalar ruwanta ba. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ga makarantar jeka-ka-dawo lita 5 ne ga kowane mutum a yini. Lakwal mai yara 200 tana bukatar lita 1000, wato bido 40 masu lita 25, ko tano 5. Inda hakan ya gagara, kada a gaza randa mai murfi a kowane aji, da moɗa mai dogon hannu ta ɗiba daban da kofin sha, da buta da sabulu ko toka a bakin makewayi. A yi yarjejeniya da mai amalanke ko ɗan ga-ruwa a biya shi wata-wata daga asusu. Kada a mai da ɗibar ruwa aikin ƴan matan CM a lokacin darasi. Su ne dai waɗanda ake fama a riƙe. A Afrilu da Mayu, da zafi ke haura digiri 40, ajin da ba ruwa yakan watse tun kafin azahar.

Makewayi kuwa, ma'aunin rami ɗaya ne ga ƴan mata 25, ɗaya da wurin fitsari ga maza 50. Na mata ya kasance daban, ƙofarsa na rufuwa ta ciki, ba ta kallon filin wasa. A nisanta shi da rijiya mita 30 ko fiye. Yarinyar da ta fara al'ada ba ta da inda za ta gyara jikinta za ta zauna gida kwana huɗu ko biyar kowane wata, kuma ba za ta faɗa wa kowa dalili ba.

Yaran da ke zamewa

Ba a rana ɗaya yaro ke barin lakwal ba. Yana farawa da ranar kasuwa, ƙauyukan kewayen birni ranar Alhamis ta kasuwar Dole, sai talla ta ƙara kwana ɗaya, sai a daina ganinsa. Malami ya kira suna safe da yamma. Duk wanda ya yi kwana uku a jere ba labari, sunansa ya je wa uwaye mata a ranar, biyu daga cikinsu su je gidan, ba da faɗa ba: "Uwar Hadiza, kwana uku ba mu ga ɗiyarmu ba." In talla ce, a nemi a mai da ita bayan an tashi. In maganar aure ce, a sa liman da mai gari tun ba a karɓi kaya ba. Akwai dokar gwamnati ta Disamba 2017 da ke kare karatun ɗiya mace, amma ta fi aiki in an zo da ita da wuri kuma ta bakin wanda iyaye ke jin nauyi.

Bayan kaka akan tafi da yara maza karatun allo wani gari, wasu kuma cin rani. A yankin Kance har mata kan yi doguwar tafiya da ƙananan yara. A yi maganar a taron farko, kafin a ɗaure kaya. Da malamin allo na gari kuwa sulhu ake yi a raba lokaci: nasa asuba da dare da ranakun hutu, na lakwal sa'o'inta.

Zama a aji kuma ba shi ne iya karatu ba. Sau biyu a shekara a gwada kowane yaro shi kaɗai, minti uku: harafi, gaɓa, kalma, jimla, ɗan labari, a ga inda ya tsaya, a lissafi kuma tarawa, ɗebewa, ninkawa, rabawa. A faɗa wa taron gari adadin, ba sunaye ba. Sannan a raba yara bisa inda suka tsaya, ko ɗan CM1 ne in harafi ya tsaya ya zauna da masu harafi, a yi musu awa ɗaya bayan la'asar kwana uku ko huɗu a mako, da taimakon samarin gari da suka yi kwalej. A fara da Hausa. A Zinder aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da harshen gida a 1973, kuma yaron da ya iya haɗa "ba" da "ki" ya karanta baki ya riga ya san yadda rubutu ke aiki kafin ya fuskanci Faransanci.

Watan Yuni

Ranar da aka rufe lakwal, ko kafin nan in hadari ya fara haɗuwa da gaske, a kwance rumfunan. Kada a bar su damina ta ci. A ware zanar da ke da sauran rai, a shanya ta ta bushe sarai, a naɗe, a ɗora a kan tebura cikin ajin gini, kada ta taɓa ƙasa ko bango. A tuge dirkoki, a kankare inda gara ta fara, a jingine su a ciki, a barbaɗa toka a ƙasa. Abin da ya kasa a cike shi da zanar da aka saya tun bazara da kuɗin geron da aka sayar. Ita ce za ta tsai da aji a makon farko na Oktoba kafin sabuwar gamba ta iso. A ƙirga tebura, a ware masu karyayyar ƙafa a kai wa mai walda ko kafinta yanzu, domin tebur mai zaman yara uku, aji mai yara 50 yana bukatar 17, kuma wanda aka jefar bayan aji a Yuni ba a samun katakonsa a Oktoba. Littattafai su shiga akwatin ƙarfe a ɗora kan birgi. A sa mutum ɗaya mai makulli da zai riƙa buɗewa duk mako biyu ya duba yoyo da gara, a kuma hana mai da aji rumbu ko turken awaki.

A wannan watan ne kuma ake rubuta takardar buƙata, ba a Oktoba ba lokacin da an gama rabon malamai da kaya. Shafi ɗaya ya isa: yawan yara aji-aji, maza da mata, yawan waɗanda ake sa ran ɗauka, azuzuwan gini da na zana, tebura masu lafiya, malamai da ke nan, abin da gari ya yi da hannunsa a bana, sannan abu ɗaya ko biyu da ake nema. Darakta da shugaba su sa hannu, mai gari ya buga hatimi. Kwafi ɗaya ofishin insfekta, ɗaya ofishin kwamin, ɗaya wurin tarayyar kwamitocin makarantu ta kwamin, wadda ke haɗa buƙatun kowa ta kai gaba. Wanda ya kai takardar ya nemi a buga masa hatimin karɓa da kwanan wata a kan kwafin da zai komo da shi, ya kuma koma bibiya a farkon Satumba.